Akwatin Zannis a Ɗakin Guga

Duk wanda ya taso a tsibirin nan ya san muryar Anezina tun kafin ya san fuskarta. Mace ce da in ta tsaya a bakin gona ta ƙwala wa mijinta kira, har masuntan da ke cikin teku sai sun ɗago kai. A unguwar tudu aka haife ta, 'yar mai awaki, karatunta bai wuce firamare ba. Tana da shekara sha tara ta auri Zannis, ɗan gidan da ke da gonar bakin gaɓa da ƙaramin cocin Waliyyi Sostis, wanda kakansa ya gina da hannunsa don cika alwashi, bayan teku ta haɗiye jirginsu ta tofo shi shi kaɗai da rai.

Cocin ba wani babba ba ne, mutum shida in sun shiga sai na bakwai ya tsaya a waje. Amma a tsakiyar daɓensa akwai falalen marmara, a ƙarƙashinsa kuma duk mutanen gidan suke. Mu nan ƙasar binnewa ba ta da yawa, dutse ne ko'ina. Mamaci shekara uku yake yi a kabari, sannan a tono shi, a wanke ƙasusuwan da giyar inabi, a naɗe a farin ƙyalle, a sa a akwati, a kai shi wurin danginsa. Haka aka yi wa kakan Zannis, haka aka yi wa iyayensa, haka kuma aka yi wa Marusa.

Marusa 'yarsu ce ta fari. Shekararta shida lokacin da ciwon maƙogwaro ya kama ta da hunturu. Iska ta rufe teku, jirgi bai zo ba, likita kuma yana wani tsibirin. A cinyar uwarta ta cika. Zannis a lokacin yana aiki a jirgin dakon kaya, can wata uwa duniya, kuma sai da aka yi watanni da binne ta ya dawo da 'yar tsana a cikin jakarsa. Ba wanda ya ga hawayensa. Ya dai ajiye aikin jirgi, ya sayi kwale-kwale, bai ƙara kwana a wajen tsibirin ba sai da ciwo ya fitar da shi. Sun ƙara samun ɗa namiji, Lefteris, ya girma ya tafi Atina, babban birnin ƙasarmu, tuƙin tasi. Zannis mutum ne marar yawan magana, amma magana ɗaya ya yi ta nanata wa matarsa har ta haddace.

"Ban same ta a raye ba, Anezina. In na riga ki, ki kai ni wurin yarinyar."

"To wa ya ce za ka riga ni? Kai da ko mura ba ta kama ka!"

"Ni dai na faɗa miki."

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, Lefteris ya zo da maganar wasu mutanen Atina da ke son gonar. Wa zai noma ta? Ga asibiti, ga magani. Aka sayar. A duk zaman cinikin nan babu wanda ya ambaci coci, don me za a ambata? Wa ya taɓa sayar da waliyyi? A wurinmu gona daban, coci daban, ko da yana tsakiyar gonar. Iyalin da suka gina shi su ke kunna masa fitila har abada, kuma ba a rubuta wannan a ko'ina saboda ko yaron goye ya sani. Masu sayen kuwa, a ganinsu duk abin da shinge ya zagaye nasu ne. Kowa ya tashi daga zaman yana ganin an fahimci juna.

Hunturun da aka yi ginin, Anezina tana Atina a gefen gadon mijinta. Da suka dawo, gonar ta zama otal. 'Yan ɗakuna ne farare tas, ba su kai ashirin ba, kowanne da ɗan tafkin wankansa yana kallon teku. Cocin ma an shafe shi da farar ƙasa, an sa masa ƙananan fitilun lantarki a gindin bango, ya yi kyau ba laifi. Abin da otal ɗin ke sayarwa kuwa, in ka ji sai ka riƙe baki: shiru. Ba kiɗa, ba talabijin, ba a karɓar yara. Ma'aikata takalmin ƙyalle suke sawa don kada a ji takunsu. Mutane su taso daga Jamus, daga Amurka, su biya abin da masunci ba ya samu a wata, don kawai su kwanta kwana uku ba wanda ya ce musu uffan. To, ikon Allah, a nan Anezina ta nemi aiki.

Guga aka ba ta, a wani ɗaki da ke bayan kicin. Ba son aikin ne ya kawo ta ba. Ta lissafa ne cewa in tana ciki, kullum da safe za ta kunna fitilar man zaitun a coci ba tare da ta roƙi mai gadi ba. Tana shiga za ta durƙusa kusa da falalen, ta ba Marusa labari: akuyar wane ta haihu, babanki yau ya ci abinci, ƙaninki bai bugo waya ba, ɗan banza. Bayan shekara biyu Zannis ya rasu, aka binne shi a maƙabartar tudu, labarin safiya ya koma na ƙirgen lokaci. "Ki ƙara haƙuri, yana nan zuwa."

Manajar otal ɗin, Danayi, yarinya ce 'yar Atina mai ladabi, wadda ta zo bayan an gama gini. Wata safiya ta leƙo ɗakin guga tana murza hannu, ta kira ta da Kiriya, yadda muke girmama babbar mace a nan.

"Kiriya Anezina, kada ki ji haushi. Baƙin ɗakin da ke kusa da coci sun ce suna jin ana faɗa da sassafe."

"Faɗa? Da wa?"

"Wai wata mata ce ke ta ɗaga murya."

"Wayyo ni! Hira nake da 'yata, 'yar nan. In faɗa nake, ai da har na tashar jirgi sun kawo ƙara."

Danayi ta yi dariya, amma ta roƙe ta. Daga ranar Anezina ta koyi raɗa, tana da shekara sittin da 'yan kai. Ta ce wa masu kicin ji take kamar an sa mata takalmin da ya matse ta a maƙogwaro.

Shekara ukun Zannis a kabari ta cika bayan bikin Ista. Ta buga wa Lefteris waya ya zo a tono babansa, ya ce aiki ya yi yawa, motar ma tana gareji, ta yi haƙuri. Ta zage shi tas ta ajiye wayar. Ranar tonon, daga ita sai limamin coci sai Stamatis mai haƙar kabari, wanda suka yi firamare tare, tsoho mai gurguwar ƙafa da bakin barkwanci. Shi ya shiga ramin yana miƙo mata ƙashi ɗaya bayan ɗaya.

"Ga gwanin naki. Kin ga haƙorin zinaren nan? Shi ya ruɗe ki kika ƙi ni."

"Rufe min baki, gurgu. Ko gawarsa ta fi ka kyau."

Ƙasusuwan sun fito fes, ƙasa ta karɓe shi lafiya, abin da kowace mace ke roƙo ke nan a irin wannan rana. Ta zauna a kan dutse da kwano, ta wanke su da giyar inabi, yatsa bayan yatsa. Da ta zo kan ƙoƙon kai sai ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta sumbaci goshin, ta ce, "Ka rame, Zannis." Daga nan kukan ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza.

Da aka rufe akwatin, liman ya yi addu'a ya tafi, Stamatis ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya nuna mata ɗakin ajiyar ƙashi da ke cikin maƙabartar, inda akwatunan waɗanda ba su da cocin gida ke jere a kanta, kowanne da suna da hoto.

"Ki bar shi nan mana, Anezina. Ga kanta, ga inuwa, ga abokansa na shan gahawa."

"Ka haukace? Mai coci guda zai zauna a kanta kamar gwangwanin tumatir?"

"Ni dai shawara na ba ki."

"Riƙe abarka."

Ta ɗauki akwatin a ƙugu ta gangara. Ba shi da nauyi, abin da ya fi ba ta mamaki ke nan. Tana shiga otal ta tarar an jera fararen kujeru a gaban coci, an ɗaura furanni a ƙofa. Wasu baƙi ne za a ɗaura wa aure da yamma. Danayi ta tare ta a hanya.

"Mene ne wannan, Kiriya Anezina?"

"Mijina ne."

Yarinyar ta yi tsaye kamar an dasa ta. Anezina ta yi mata bayani, ta ce falalen kawai za a ɗaga, aikin da bai kai shan kofin gahawa ba. Danayi ta dubi akwatin, ta dubi kujerun, idonta ya kawo ruwa.

"Ki gafarce ni. Ba zan iya ba yanzu. In wani baƙo ya ga an buɗe ƙasa ana sa ƙashin mutum, gobe duniya ta ji, ni kuma an kore ni. Ki bari a rufe otal a Oktoba. Na yi miki alkawari, da kaina zan ba ki makulli."

Anezina ta so ta buɗe murya ta tara mata jama'a. Ta dubi yarinyar, ta ga tsoro ne kawai ke cinta, ba mugunta ba. Ta haɗiye fushinta. Amma mayar da Zannis tudu bayan ya zo bakin ƙofa, wannan kam a'a. Ta wuce da shi ɗakin guga, ta ɗora a kantar sama, ta rufa masa sabon zanen gado na otal, irin wanda bai taɓa kwanciya a kai ba yana raye.

Haka suka yi bazarar nan tare. Zafi a ɗakin guga ba a magana, ga tururi, ga zannuwa ba iyaka. Tana guga tana ba shi labarin baƙi, don mai guga ta fi kowa sanin baƙo. Ta san ɗakin da mata da miji suke raba gado, ɗaya a kan kujera. Ta san matar da ke jiƙa matashi da kuka kullum, alhali da rana tana kwance bakin ruwa da baƙin tabarau kamar ba abin da ya dame ta. "Ka ga, Zannis, su ma da nasu," in ji ta. "Sun biya kuɗi ne su zo su yi baƙin cikinsu a wuri mai kyau." Da safe kuma ta je coci ta raɗa wa Marusa cewa babanta yana nan bayan kicin, taku kaɗan ya rage. Wani lokaci baƙi su same ta a durƙushe cikin baƙaƙen kayanta su ɗauke ta hoto. Ba ta hana su, ba ta kuma kallon su.

Oktoba ta zo, iska ta juya, baƙon ƙarshe ya hau jirgi. Aka kwashe kujerun bakin ruwa, aka zubar da ruwan tafkunan. Danayi ta cika alkawari, ta kawo makulli har ɗakin guga, ta rungume ta. Anezina ta aika wa Stamatis ya zo da ƙarfen ɗaga dutse. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta sake aikawa, ya ce ya ba da aron ƙarfen. A karo na uku ta hau tudu da kanta ta tasa shi a gaba, yana tafe yana jan ƙafa fiye da yadda ya saba, kuma tun daga maƙabarta har gaɓa bai yi barkwanci ko ɗaya ba.

A cikin coci ta kunna fitila, ta ajiye akwatin a gefe, ta gyara ɗankwalinta. Stamatis ya sa ƙarfe a bakin falalen, ya tsaya.

"Anezina."

"Ɗaga mana! Ko sai na karɓa?"

Ya ɗaga. Ta leƙa. Ramin da ta sani mai zurfi, mai ƙanshin ƙasa da tsohon katako, babu shi. An cike shi da siminti, saura kamar kamu ɗaya, kuma a cikin kamu ɗayan nan wayoyin lantarki ne a naɗe da wani ɗan akwatin roba mai toka-toka. Ta sa hannu ta shafa simintin. Ta sake shafawa har kusurwa, kamar mai neman allura.

"Ina suke?"

Stamatis ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa. Ya ce hunturun da tana asibiti, magina suka buɗe don su ja wayar fitilu. Ba mutanen nan ba ne, ba su san abin da za su tarar ba. Akwatunan katakon duk sun ruɓe, ƙasusuwa sun haɗe, na kaka da na jika. Suka tsorata, suka kwashe cikin buhuna da girmamawa iyakar saninsu, aka buga wa Lefteris waya. Shi ya ce a kai maƙabarta. Buhunan suka iso wurin Stamatis ba suna, ba a san na wane da wane ba, limamin wancan lokacin ya ce abin da ba shi da suna sai rijiya. Kowa ya san rijiyar, ramin nan mai murfin ƙarfe a bayan maƙabarta, inda ake juye ƙasusuwan waɗanda danginsu suka ƙare.

"Da hannunka?"

"Da hannuna. Lefteris ya roƙe ni kada in faɗa, ya ce babansa na kan gargara, labarin zai ƙarasa shi. Bayan ya rasu kuma, kullum in na ce yau zan faɗa miki, sai in gan ki kin fito daga nan fuskarki a sake. Na kasa, Anezina. Ki tsine min in kina so."

Ba ta tsine masa ba. Lissafi take yi. Shekara biyar tana durƙusa wa wayar lantarki tana ba ta labarin akuya. Shekara biyar 'yarta na can tudu cikin baƙin rami tare da mutanen da ba ta sani ba, ba fitila, ba mai cewa sannu. Ta wuce bakin rijiyar nan ba adadi in za ta kabarin Zannis, ko waiwaye ba ta taɓa yi ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Ta ciro waya daga aljihun riga ta kira ɗanta. Yana ɗauka ta ce, "Na buɗe." Can ta ji yana kuka kamar ƙaramin yaro, ga hayaniyar motoci a bayansa.

"Mama, ban san yadda zan yi ba. An riga an kwashe. Na ce in kin sani za ki mutu."

"Yayarka ce, Lefteris."

"Ban taɓa ganin ta ba, Mama. Ni ku na sani, ku nake tsoron rasawa."

Ta ce masa ya kula da hanya, ta kashe wayar.

Danayi, da labari ya kai mata, ta zo da gudu. Ta rantse ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ce za ta yi magana da masu otal a fasa simintin, a gyara ramin, a sa Zannis a ciki da sunansa a kan marmara. Anezina ta girgiza kai.

"Ya zauna da wa, 'yar nan? Shi ba coci ya ce in kai shi ba."

Ta hure fitilar ta mutu, ta ɗauki akwatin a ƙugu, ta kama hanyar tudu. Stamatis na bin ta a baya da ƙarfensa. Rana ta yi sama, ba kowa a hanya sai awaki. A maƙabarta ta wuce ɗakin kantoci ba ta ko kalle shi ba, ta zagaya baya ta tsaya a kan murfin ƙarfen.

"Buɗe."

"Ki yi tunani, don Allah. Wanda ya shiga nan ba ya fitowa. Ba suna, ba hoto, ba inda za ki zo ki ce ga mijina. Yanzu kina da shi a hannu. Ki sa shi a kanta, ki riƙa zuwa kina ganin sa."

"Na sani."

"Kin rasa ɗaya, za ki ƙara da na biyu da kanki?"

"Stamatis, mutumin nan shekara talatin da wani abu yana jiran ya isa wurin 'yarsa. Buɗe."

Ya buɗe. Sanyi ya taso daga ciki. Ta durƙusa ta leƙa, ba a ganin komai sai fari-fari can ƙasa. Ta tambaye shi ta wane gefe ya juye buhunan. Ya dubi nan, ya dubi can, sannan ya nuna hagu. Ta san bai tuna ba, amma ta matsa hagun.

Ba ta juye akwatin ba. Ta warware farin ƙyallen, ta riƙa ɗauko su ɗaya ɗaya, tana miƙa hannu iyakar tsawonsa kafin ta saki, don kada faɗuwar ta yi nisa. Ƙafafu, haƙarƙari, hannayen da suka ja koma shekara da shekaru. Kowanne sai ta ji ƙarar saukarsa sannan ta ɗauko na gaba. Ƙoƙon kan ta bari ƙarshe. Ta rungume shi a ƙirji ta daɗe, har Stamatis ya juya baya yana share fuska da hula. Sannan ta kwanta rubda ciki a bakin ramin, ta zura hannu biyu, ta sake shi.

Ta tashi zaune, ta kakkaɓe rigarta. Stamatis ya mayar da murfin. Akwatin na nan a gefe a buɗe, sabo fil, da sunan Zannis da ta sa aka rubuta da farin fenti. Ya ɗauka yana jujjuya shi, bai san inda zai ajiye ba.

"Wannan fa? In adana miki? Akwati ne mai kyau, a goge sunan kawai, wata rana..."

"Ka ba wani mai bukata," in ji Anezina. "Ni ba na son akwati. In shekaruna uku sun cika, ka tono ni ka kawo ni nan. Ta hagu."